KIWON BATIRIN BABUR A LOKACIN DA AKA JINGINE SHI

Jawabi ga Hakimai da Malaman Ofisoshin Gunduma

Hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da malaman da ke riƙe musu littattafai, sun fi kowa sanin cewa doki ba ya daina ci don an daina hawansa. Ko ya yi wata uku a turke ba a ɗaura masa sirdi ba, tilas ne a kai masa harawa da dawa da ruwa da kanwa, in ba haka ba ranar da aka zo hawa sai a tarad da ƙashi da fata. A gundumomi da yawa yau babur ne ke yin aikin da doki ya yi a da. Shi ke kai takardar hakimi wurin dagaci, shi ke ɗaukar malamin asibiti zuwa ƙauye ranar allurar rigakafi, shi ke kai malamin gona fadama. Amma da ya ke ƙarfe ne, mutane sun ɗauka in an jingine shi a zaure ko a sito ya huta ke nan, ba ya bukatar kome sai ranar da aka waiwaye shi. Game da ƙarfen wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a ƙarƙashin sirdinsa, ko a gefensa, akwai wani ɗan akwati wanda ba ya hutawa ko kaɗan, watau batir. Tun daga sa'ar da aka kashe injin ya ke fara ramewa, kuma akwai iyakar da in ramar ta wuce, ba mai iya tayad da shi.

Mutanen da suka fi nazarin wannan al'amari su ne mutanen ƙasashen sanyi, don su dole ce ta sa. A Jamus, da Kanada, da Rasha, da arewacin Amurka, hanya ta kan daskare da ƙanƙara, hukuma kuma ta bi tana watsa gishiri don ta narke, gishirin kuwa yana cin ƙarfe. Saboda haka yawancin masu babur su kan shigad da shi ɗaki wajen watan Nuwamba, ba su fito da shi sai Maris ko Afrilu. A Jamus abin har ya shiga doka: tun shekarar 1997 mutum yana iya yankar lambar babur ta wasu watanni kaɗai, a buga masa watannin a jikin lambar, misali 04 a sama da 10 a ƙasa, watau daga Afrilu zuwa Oktoba. Sauran wata biyar babur yana ɗaki, ba a biya masa haraji, ba a kuma yarda ya taka hanya ba. Mutanen da ke jingine babur wata biyar kowace shekara sun daɗe da gane abin da ke kashe batir a ajiye, kuma abin da suka gane ya shafi ƙasar Hausa fiye da yadda a ke zato, ko da ya ke nan ba a ƙanƙara.

Abin da ke cikin akwatin

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙago irin wannan batir a shekarar 1859, wani ɗan ƙasarsu kuma, Camille Faure, ya kyautata ƙirar faifansa wajen 1881. Daga nan zuwa yau an sake akwatin, an sake murfin, amma aikin cikin bai sake ba. Batirin babur na yanzu yana da ɗakuna shida, kowane ɗaki yana ba da ƙarfin lantarki bolt 2 da ɗan ɗoriya, in an haɗa su a sami bolt 12 da 'yan kai. Baburan Ingila na shekarun 1950, irin su BSA, yawancinsu masu ɗaki uku ne, bolt 6. A kowane ɗaki akwai faifai iri biyu na dalma, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya ruwan toka, suna jiƙe cikin ruwan nan mai ƙuna da a ke kira ruwan batir, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku nasa asid ne, sauran ruwa.

In batir yana ba da wuta, asid ɗin ya kan bar ruwan ya haɗu da dalma, sai wani farin gishiri ya fito a jikin faifan, wanda a ke kira salfet, ruwan kuma ya yi ta salancewa har ya kusa komawa ruwa zalla. In aka yi caji sai abin ya juya: gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa, dalma ta koma yadda ta ke. Duk aikin batir ke nan, kai da kawo tsakanin waɗannan hali biyu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Sabon gishirin nan laushi gare shi, caji kaɗan ya isa ya mayad da shi. Amma in aka bar shi mako da makonni, sai ya dunƙule, ya yi tauri, ya manne wa faifan. Kowace uwargida ta san bambancin ƙwaryar kunu da aka ɗauraye nan take da wadda ta kwana uku a rana. Ta fari ruwa kaɗai ya ishe ta, ta biyu sai an kankare, wani lokaci ma ƙwaryar ta tsage wajen kankara. Faifan batir kuwa ba hannun da ke kaiwa gare shi balle a kankare. Duk wurin da gishirin ya taurara ya fita daga aiki ke nan. Shi ya sa a kan ga batir ya sha caji dare guda, da safe ya haska fitila sarai, amma a taɓa sitata sai ya yi ƙas ya yi shiru. Wurin da ya rage na riƙe wuta a cikinsa ya zama ɗan kaɗan, kamar randar da yashi ya cike rabinta.

Wani zai ce, ai in an kashe makulli ba abin da ke shan wutar. Akwai abu biyu. Na fari, batir da kansa yana zubad da cajinsa a hankali ko ba a haɗa shi da kome ba. A wuri mai sanyi-sanyi, wajen digiri 20, ya kan rasa kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wata, tsohon batir kuwa ya fi haka. Na biyu, baburan zamani da dama suna da abubuwan da ba su barci: agogo, da ƙararrawar ɓarayi, da na'urar nan da a ke ɓoyewa don a san inda babur ya ke in an sace shi. Abin da su ke sha ƙanƙane ne, amma malami ya ɗauki alƙalami ya lissafa. A jikin batir akwai lamba da harufa Ah a gabanta, ita ke nuna yawan abin da ya ke ɗauka. Na ƙananan babura ya kan kama daga 3 zuwa 9. In na'ura tana shan kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya dare da rana, a kwana ɗaya ta sha 0.24, a kwana talatin ta sha 7.2. Watau batir mai lamba 7 ya ƙare tas a wata guda, alhali ba wanda ya taɓa babur ɗin.

Sanyi da zafi

A ƙasashen ƙanƙara tsoron da a ke yi shi ne daskarewa. Batir mai cikakken caji ruwansa yana da kaurin asid, ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri. Wanda cajinsa ya ƙare kuwa, tun da ruwansa ya salance, sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri ya isa ya daskarad da shi, irin wannan sanyi kuwa a Mosko ko tsakiyar Kanada abu ne na yau da kullum a watan Janairu. Ruwa in ya zama ƙanƙara ya kan ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin goma, sai ya lanƙwasa faifai, ya fasa akwati, in gari ya yi ɗumi asid ya tsiyaye a jikin babur. Har wa yau sanyi yana rage ƙarfin batir ko lafiyayye ne, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri, injin ya yi nauyin juyawa. Shi ya sa masu ƙera batir ke gwada ƙarfinsa na tayad da injin a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, na tsawon daƙiƙa 30.

Amma akwai wata fuska ta sanyi da ba a cika faɗa ba: yana rage saurin zubewar caji. Batirin da aka cika, aka cire masa waya, aka ajiye a ɗaki mai sanyi, yana iya kai wata uku ko huɗu bai yi wata rama ta a zo a gani ba. Zafi ne ke yin akasin haka. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin zubewar kusan sau biyu. In a digiri 20 ana rasa kashi 4 a wata, a digiri 30 sai a rasa wajen 8, a digiri 40 wajen 16. Kowa kuwa ya san a Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Damagaram, zafin rana a watan Afrilu ya kan kai digiri 40 a inuwa, sito mai rufin kwano kuma da ƙofa a rufe ya fi haka. Daɗa kuma zafi yana ƙafad da ruwan batir, yana cin ragar dalmar da ke riƙe da faifai. Ashe ke nan abin da Bajamushe zai yi sakaci da shi wata huɗu ya tsira, mutumin Gumel in ya yi sakaci da shi wata biyu na bazara ya yi hasara.

A nan hunturu ba ya daskarad da batir, don sanyin dare a Kano a watan Disamba da Janairu ya kan tsaya tsakanin digiri 10 da 15 ne sama da sifiri. Duk da haka a hunturu ne a ke yawan jin kukan batir ya mutu, mutane su ɗora wa sanyi laifi. Galibi ba shi ya yi kisan ba. Bazara ce ta ci batirin, ya yi ta lallaɓawa da ɗan abin da ya rage, da sanyin asuba ya zo ya nemi ƙarin ƙarfi sai asiri ya tonu.

Dalilan jingine babur a wannan ƙasa kuwa suna da yawa. Akwai gundumomin da damina ke yanke musu hanya, daga Yuli zuwa Satumba ba abin da ke shiga wasu ƙauyuka sai ƙafa ko kwalekwale. Akwai mai tafiya aikin Hajji, wanda zai yi wata guda ko fiye. Akwai malamin da aka tura kwas, ko aka yi masa canjin wurin aiki, babur ɗin ofis ya zauna yana jiran magaji. Akwai babur da taya ko sarƙa ta lalace, a jingine shi ana jiran a sa hannu a takardar kuɗin gyara, kafin kuɗin su fito batir ya bi sahu, gyaran abu ɗaya ya zama na biyu. Akwai kuma dokar hukuma: a watan Janairu na 2013 Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur, a watan Satumba na 2021 kuma Jihar Kaduna ta ba da sanarwar hana hawan babur har wata uku saboda sha'anin tsaro. A irin waɗannan lokatai babura masu yawa ke shiga ɗaki rana ɗaya.

Yadda za a yi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin batir ranar jinginewa a ke yinsa, ba ranar ɗaukowa ba. Abu mafi girma duka shi ne kada batir ya shiga ajiya sai da cikakken caji. Sa'an nan a raba shi da babur. A kashe makulli, a fara kwance baƙar waya, wadda ke kan mai alamar ragi, daga baya a kwance ja, mai alamar ƙari. Wannan tsari yana da dalili. Baƙar waya a haɗe ta ke da jikin babur duka, saboda haka in aka fara da ja, sufana ta goga ƙarfe, sai tartsatsi ya tashi, sufana ta yi ja, hannu ya ƙone. Ranar mayarwa sai a juya: ja a fari, baƙa a ƙarshe. In ajiyar ba ta wuce wata guda ba, cire baƙar waya kaɗai ya wadatar. In za ta wuce, gara a fitad da batirin gaba ɗaya.

A goge bayansa ƙwarai. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kan murfi, ta haɗu da ɗan asid da laimar damina, ta kan zama wata siririyar hanya da wuta ke bi daga wannan kai zuwa wancan. In kawunan sun yi farin gari ko kore, a jiƙa kanwa a ruwa a wanke su da tsohon buroshi, don kanwa tana kashe asid. Amma fa a toshe ramukan sosai, ɗigon ruwan kanwa kada ya shiga ciki, don abin da ta ke yi a waje shi za ta yi a ciki. In sun bushe a shafa musu ɗan basilin.

Batir mai marufai da a ke buɗewa yana da layi biyu a jikinsa, na sama da na ƙasa. In ruwan ya sauka ƙasa da na ƙasa, kan faifai ya fito fili, wurin da ya sha iska kuwa ya lalace. Abin da a ke ƙarawa tataccen ruwa ne, watau wanda aka dafa aka tara tururinsa, ana sayad da shi a kwalba wurin masu kayan mota. Ruwan rijiya, da na famfo, da na leda, duk suna da gishiri da ƙarfe a narke waɗanda ido ba ya gani, su kan gurɓata faifai. A nan ya kamata malamin sito ya lura da lafazi in zai aiki masinja, don a kasuwa in an ce ruwan batir, asid a ke nufi. Abin da ke ƙafewa daga batir ruwa ne kawai, asid yana nan, ko a cikin ruwan ko a maƙale a faifai. Al'adar nan ta wasu masu gyara, ta zubad da ruwan tsohon batir a ɗura masa sabon asid, ruɗi ce. Batirin ya kan yi kamar ya farfaɗo kwana kaɗan, alhali gishirin yana nan inda ya ke, ruwan kuma ya yi ƙarfin da zai ƙarasa cinye faifan. Batirin da aka liƙe bakinsa tun daga masana'anta kuwa ba a buɗe shi, ba a ƙara masa kome.

Wurin ajiya ya zama mafi sanyi a gidan, busasshe, inda rana ba ta kaiwa, yara ma ba su kaiwa. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi sito mai kwano nesa ba kusa ba. Tsofaffin makanikai su kan ce kada a ajiye batir a kan siminti, wai yana tsotse caji. A zamanin da a ke yin akwatin da katako ko baƙar roba mai tsatsa maganar tana da tushe. Akwatin roba na yanzu ba ya haka, amma ɗora shi a kan katako ba laifi, ko don ruwan damina da ke shiga ɗaki.

Daga nan sai duba lokaci lokaci. Ƙaramar mitar gwada lantarki, irin ta masu gyaran rediyo, ta isa, kuma ya kamata kowane ofishin gunduma mai babura ya mallaki guda. A gwada batir bayan ya huta sa'o'i da dama daga caji, don in an gwada nan take ya kan nuna fiye da abin da ke cikinsa. In ya nuna 12.6 ko sama, a cike ya ke, liƙaƙƙe ma ya kan kai 12.8. In ya nuna 12.4, saura kamar kashi uku cikin huɗu. In 12.2, rabi. In 12.0, rubu'i kawai ya rage. Abin lura a nan shi ne tazarar ƙanƙanuwa ce: tsakanin cikakke da wanda ya kusa ƙarewa bai kai bolt ɗaya ba, saboda haka wanda ya ga 12 ya ce ai batir mai bolt 12 ne, lafiya lau, ya yaudari kansa. Da zarar ya sauka 12.4 a kai shi caji. Inda ba mita, a yi masa caji kowane wata a hunturu da damina, kowane mako biyu ko uku a bazara.

Cajin kuma a hankali a ke yinsa. Ƙa'ida ita ce kashi ɗaya cikin goma na lambar da ke jikinsa: mai lamba 5 a ba shi rabin amfiya, mai lamba 7 a ba shi 0.7. Mai lamba 5 da ya sauka rabi zai ɗauki sa'a shida ko bakwai. Cajar batirin mota ta yi masa ƙarfi, kamar a ɗura wa jinjiri tuwo ne. Masu caji a kasuwa sau da yawa su kan yi na gaggawa don mai kaya yana tsaye yana jira, saboda haka a gaya musu a fili cewa ba sauri a ke yi ba, a bar shi ya kwana. In an taɓa batir aka ji ya yi zafi ƙwarai, a cire shi ya huce.

A ƙasashen sanyi yawancin masu babur yanzu su kan bar batir a haɗe da wata ƙaramar caja mai lura da kanta duk tsawon ajiyar. Ta kan kai shi wajen bolt 14.4, in ya cika ta sauko wajen 13.5 ta tsaya nan, tana mayad da abin da ya zube kawai. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga wanda ke da wutar lantarki a kai a kai. A bambanta ta da tsohuwar caja marar wayo, wadda ke ta turawa ko batir ya cika, har ruwansa ya tafasa ya ƙafe. Inda ba lantarki, ƙaramin faifan hasken rana yana yin aikin, rana kuwa ba a rasa ta a nan. Sai dai tilas a sa 'yar na'urar daidaita caji tsakaninsa da batir, don ko faifai mai wat 5 ya isa ya dafa batirin babur in an bar su haɗe kai tsaye mako da makonni.

Akwai wata dabara da mutane ke yi da kyakkyawar niyya, a Turai da nan duka, watau a riƙa tayad da babur minti biyar kowane mako yana tsaye, wai don batir ya sha caji. Ɓarnarta ta fi amfaninta. Sitata ta kan ɗebi wuta mai yawa a tashi ɗaya, injin da ke silo kuwa abin da ya ke mayarwa kaɗan ne, a wasu babura ma bai kai abin da fitila ke sha ba. Ga shi kuma injin bai yi zafin da zai kore tururi ba, sai ruwa ya taru a salansa da cikin baƙin mai. In za a tayad da shi, a hau shi a yi tafiyar rabin sa'a a buɗaɗɗiyar hanya. In ba hali, a ƙyale shi, a yi wa batir caji daban.

Ƙananan babura masu kik su kan ɓoye wannan ciwo, don da yawansu suna tashi ko batir ya mutu. Masinja ya buga kik, injin ya kama, ya ce kome lafiya. Amma oda ta shaƙe, sigina ba ta ƙiftawa, fitilar birki ta dushe, ga shi zai bi hanyar da manyan motoci ke bi da almuru. Hakimin da ya sa aka gwada masa oda da sigina a gabansa, injin a kashe, kafin ya sallami mai ɗaukar saƙo, ya san halin batirin ba tare da mita ba.

An fara samun wani sabon iri a manyan babura, marar nauyi, wanda a ke yi da lithiyam maimakon dalma. Shi ba ya yin farin gishirin nan, zubewar cajinsa kuma kaɗan ce, in an cire masa waya ya kan yi watanni. Amma yana da cajarsa ta musamman, ba a yi masa caji in sanyi ya kai na ƙanƙara, in kuma aka bari ya ƙare ƙarƙaf yana iya lalacewa gaba ɗaya. A karanta abin da ke rubuce a jikin batir kafin a haɗa shi da kowace caja.

Hatsari, da littafi

Batirin dalma in yana shan caji ya kan fitad da wata iska marar launi marar wari, haidirojin, wadda in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa ya tashe ta. Kada a yi caji a ɗakin kwana ko a rufaffen sito, kada a leƙa ramin batir da ashana ko fitilar ƙwai, kada a sha taba kusa. A kashe caja tukuna sa'an nan a cire wayoyinta. In asid ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har rubu'in sa'a, in ido ne a wuce asibiti ba jinkiri.

Sabon batir da ya zo a bushe, da asid ɗinsa a gora daban, yana iya daɗewa a sito muddin ba a fasa liƙinsa ba. Ranar da aka zuba masa asid, ranar kwanakinsa suka fara ƙirguwa. Saboda haka malamin sito kada ya bari a cika batura a jera su suna jira. A cika wanda za a sa kaɗai, a bar shi ya tsaya kamar sa'a guda, a yi masa caji, sa'an nan a ɗaura.

Kayan hukuma sun fi lalacewa a tsakanin hannu biyu, lokacin da wanda ya bari ya tafi, wanda zai karɓa bai zo ba. Maganin wannan shafi ɗaya ne a littafin kayan ofis: lambar babur, ranar da aka sa batirin, ranar da aka jingine, ranar kowane caji da abin da mita ta nuna, da sa hannun wanda ya duba. A sa aikin a wuyan mutum ɗaya da sunansa, a kuma haɗa shi da wata rana da ba a mantawa, kamar ranar albashi. In an zo miƙa aiki, a gwada batirin a gaban mai bayarwa da mai karɓa, a rubuta lambar a takardar miƙawa. Hakimi in ya zo duba littattafai ya nemi wannan shafi kamar yadda ya ke neman na rasit.

Batirin da ya mutu kuwa ba abin wasan yara ba ne, ba kuma a fasa shi a gida don a cire dalma. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, ba ta kuma fita daga ƙasar da ta shiga sai an kwashe ƙasar. A unguwar Thiaroye-sur-Mer, a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda sana'ar fasa tsofaffin batura da a ke yi a cikin unguwar. A Jihar Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka rasu da gubar dalma. A can daga dutsen zinariya da a ke niƙawa a gidaje ta fito, ba daga batir ba, amma gubar ɗaya ce. Mataccen batir a bar shi a tsaye, marufansa a rufe, ruwansa a ciki, a mayad da shi ga mai sayad da sabo, a rubuta a littafi ranar da ya fita da sunan wanda ya karɓa. In dagaci ya ji labarin ana fasa batura ko narka dalma a cikin gari, kusa da rijiya ko inda yara ke wasa, ya sanad da hakimi, hakimi kuma ya sanad da malamin tsabta na ƙaramar hukuma.